Na yi wa abokina mubaya'a, aka ce na ɓata wasa

Ranar Asabar da ta wuce na yi awa tara a kan tebur ɗaya a garin Essen, nan Jamus, ina mulkin taurari. Ku yi dariyarku ku gama. Maganar da aka faɗa mini a ƙarshen zaman ce ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo ƙara gida.

Sunan wasan Twilight Imperium. Wani kamfanin Amurka, Fantasy Flight Games, ya fara fitar da shi a 1997, wanda muka buga kuma fitowa ta huɗu ce, ta 2017. Kwalinsa ya kusa ƙaramin akwatin lefe. A ciki akwai jiragen yaƙi da sojojin roba sama da 300, da katuna tuli, da faifan kwali masu kusurwa 6 da ake jerawa su zama taswirar sararin samaniya. Kowa zai zaɓi al'umma ɗaya cikin 17. A tsakiyar tebur akwai duniyar Mecatol Rex, fadar tsohuwar daular da ta rushe, kowa idonsa a kanta. Ana yaƙi da ɗan lido mai fuska 10, ana ciniki, har majalisa ake zama a jefa ƙuri'a kan dokoki. Wanda ya fara tara maki 10 shi ne sarki. Ni Hacan na ɗauka, wasu fatake masu kan zaki, mutanen hamada, wai kuma masarauta gare su. Ɗan Argungu ya ga fatauci da sarauta wuri ɗaya, me zai tsaya jira?

Tun saura sati biyar aka tsayar da rana. Ƙarfe goma na safe, ba goma da minti biyar ba. Aka turo mini bidiyon koyon dokoki kamar mai shirin jarrabawa. Kowa ya zo da abincinsa a roba, mai gida ya rubuta lokacin hutu a takarda ya manna a ƙofar firij, har da minti goma-goma na azahar da la'asar ɗina, wannan kam na yaba masa. Wayoyi a kife. Ɗan kallo ko ɗaya babu. Matar gidan ma tun da safe ta kwashe yara ta tafi wajen iyayenta don kada su dame mu. Da a gida ne, da unguwa ta ɗauka cewa yaji ta yi.

Wajen ƙarfe bakwai na yamma an ƙone mini jirage, ina fama da maki 5, ba ni a tsara. Mutum biyu ke da 9: mai gida, da wani abokina ɗan Siriya. Wannan bawan Allah, lokacin da na sauka ƙasar nan ban san kowa ba, a falonsa na kwana sati uku. Har gobe shi ke karanta mini wasiƙun hukuma. To akwai wani kati da kowane ɗan wasa ke riƙe da shi, ni katin mubaya'a nake kiransa: in ka miƙa wa wani, ya samu maki ɗaya nan take. Na miƙa masa. Wasa ya ƙare.

Ɗakin ya yi tsit. Mai gida ya cire tabarau ya goge, ya ce cikin sanyin murya, doka ba ta hana ba, amma na zubar musu da awa tara. Wai abin da ke tsakanina da mutum a waje, in bar shi a waje. Ashe ma suna da suna ga mai yin haka, mai naɗa sarki, kuma zagi ne. Jama'a, zagi! A wurinmu masu zaɓen sarki manyan fada ne.

Ba zan ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Tsakar rana wata daga cikinmu ta yi wa mai gida alkawarin zaman lafiya, ta juyo ta cinye masa duniyoyi biyu, suka yi dariya suka ci gaba da cin kek. Mu kuwa na san waɗanda lido ya sa suka yi shekara suna gaba.

Amma ku duba mini ma'aunin nan. Wadda ta ci amana gwana ce, ni da na rama alheri na zama maɓarnaci. Kuma wa za a koya wa ƙawance da warwarewarsa? Kanta na Kabi tare da Askiya na Songhai suka je yaƙin Agadas a farkon ƙarni na 16, rabon ganima ya raba su, ya dawo ya tsaya da ƙafarsa, ga kufan birninsa Surame nan har yau. Mun san siyasa. Abin da ban iya ba shi ne in zauna kusa da mutum, in yi kamar ban taɓa cin abincinsa ba, don kawai an shimfiɗa kwali a tsakaninmu.

Darar ƙofar gidan Kawu ba ta da kwali. Ramuka 30, kowa da 'ya'yansa 12, shi ke nan. Amma duk wanda ke ƙarƙashin darbejiyar nan ɗan wasa ne. Mai shayi na ba da shawara, mai wucewa da keke ya tsaya ya sa baki, Kawu na daga kan buzunsa yana cewa, "Wanga yaro, ka kashe gidanka da kanka." Suruki ba ya cinye surukinsa sau uku a jere, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa rubutawa. In baƙo ya zauna, a bar masa na farko. Ba a sa rana, ba a duba agogo, kiran magariba ke tashin mu, wani lokaci a bar 'ya'yan a ramukansu sai gobe, in awaki ba su bi ta kai ba.

Da na koma ɗakina daren nan na kira ƙanena, na ce ya ɗauko mini hoton wurin. Ya ce, "Yaya, ai an zuba siminti tun bara, shagon cajin waya aka yi." Kawu kuma ido ya yi rauni, ba ya fitowa sai masallaci. Ban san an zuba simintin ba. Kullum muna waya, ba wanda ya ga abin faɗi ne.

Jiya mai gida ya turo ranar zama na gaba, nan da sati bakwai. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: ba a miƙa katin mubaya'a ga wanda ya kai maki 8. Kowa ya amsa. Ni ma na rubuta cewa zan zo, zan kawo kilishi.