Yadda na zama Malam Santilita

Wai ni da na yi kimistiri shekara uku a sakandare, har na taɓa zuƙe ruwan soda da fifet (siririn bututun gilashin nan na awon ruwa) ranar firaktikal ya ƙona min harshe, ni ne yau yaran unguwarmu nan Birnin Kebbi suke bi suna kira Malam Santilita.

Yayata ce ta haihu, ana gobe suna Inna ta ce a haɗa zoɓon baƙi. Ita Inna awonta gwangwanin madara ne da harshe, ta zuba ta ɗanɗana ta ƙara, shi ke nan. Ni kuwa da iyayi na ce a'a Inna wannan zamanin ya wuce, ba ki ga mudu ba, wani mai awo ya yi miki tozo wani ya shafe kuma duk sunansa mudu, ai saboda irin wannan rigimar Faransawa tun 1795 suka kafa mita da lita da giram, komai goma-goma, lita ɗaya a Faransa ita ce lita ɗaya a Jega. Ta dube ni ta ce "to ɗan boko, ga wuri ga mai doki."

Na ɗauko biro da bayan kwalin sukari. Lita 20 za a yi, sukari giram 100 a kowace lita, kilo 2 ke nan. Har nan lafiya lau. Sai na ce baƙi ba za su sha ruwan rijiya ba, fiya wata za a saya. Na juya leda na ga an rubuta 50cl, idona ya ga cl (santilita) ƙiri-ƙiri amma kaina ya karanta ml (mililita). Lita 20 mililita 20,000 ce, raba da 50, leda 400. Jaka ɗaya leda 20, jaka 20 ke nan. Har layi biyu na ja a ƙarƙashin amsar kamar mai jiran maki.

Mai shago ya tambaye ni suna ne ko kamfen, na ce ya loda kawai. Sawu biyu mai kura ya yi.

An dafa zoɓo da citta da kanumfari, ya yi jawur gwanin sha'awa, na tara yara suna fasa leda suna tsiyayawa a bokitin fenti mai lita 20. Jaka biyu kacal bokiti ya cika har yana zuba. To a nan fa Allah ya nuna min aya, mai hankali sai ya tsaya ya ce ina zan kai sauran jaka 18, ni sai na ce masu bokiti ne suka cuce mu, ƙaramin bokiti suke rubuta wa 20, ƙasar nan komai algus. Na aika aka aro duro gidan maƙwabta. Muna ta zubawa har bayan isha'i, abin haushi leda ta 400 tana shiga duro yana cika daf da baki, ni kuma na ɗauka wannan shaida ce lissafina ya fita.

Da na haska tocila sai na ga launin kamar an wanke jan kallabi an ɗauraye sau uku. Na ɗiba na kurɓa. Sukarin yana nan, amma daga nesa yake sallama.

Autarmu da ke aji huɗu a sakandare ita ta kashe ni. Ta ɗauki ledar ta ce "Yaya, santi ɗaya bisa ɗari ne kamar kobo a naira, mili kuma ɗaya bisa dubu, 50cl mililita 500 ce, rabin lita. Leda 40 kake nema." Na ce ke yaushe aka haife ki. Ta ce to cokalin shayi mililita 5 ne, in lissafinka daidai ne fiya wata cokali goma ce, ka taɓa shan cokali goma ƙishirwar Kebbi ta sake ka? Wallahi shiru na yi. Fifet ɗin da ya ƙona min harshe ma mililita 25 ne, wato a hankalina ledar nan fifet biyu ce. Lita 200 na haɗa jama'a, sukarin ya koma giram 10 a lita.

Inna ta leƙo ta ɗanɗana ta tofar. "Wanga yaro mi kaka yi haka? Santi nika ji kuna ta faɗi, ai ko akuya ba ta santin wanga abu."

Na so in kare kaina, na ce Inna ko NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a 1999 sun yi asarar kumbon da suka tura duniyar Mas saboda wasu sun yi lissafi da awon fam wasu da na mita. Ta ce su da kuɗin cincin ɗin yayarsu sunka yi?

Na ce bari a janye duron bayan ɗaki kafin mata su taru, autar ta sake tuna min lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kilo 200 ke nan, buhun taki huɗu. Mu uku muka turza ko gezau. Haka ya kwana a tsakar gida, duk wadda ta shigo barka sai ta leƙa ta tambaya rini ake yi.

Da asuba Inna ta dafa wani zoɓon da gwangwaninta, kafin azahar an shanye. Nawa kuwa da shi aka wanke kwanukan suna, kwana uku ana wanke-wanke bai ƙare ba, masu duro kuma kullum sai sun aiko yaro ya ce wai a gaida Malam Santilita in ya gama bincike a ba su kayansu.