Kai ka sayi katin, amma linzami na hannun kamfani

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar MSI Afterburner, wadda ake ƙara wa katin hoton kwamfuta gudu da ita, a kan katin hoto samfurin GTX 1080 ya san abin da zan faɗa. Ka ja ma'aunin ƙarfin wuta har ƙarshe, ka danna, ka zuba wa lambobin ido. Katin bai ɗauki zafi ba, fankokinsa na juyawa a hankali, amma lambar tana kaiwa bolt 1.093 sai ta tsaya cak. Ko ka cire fankokin ka sa masa na'urar sanyaya ta ruwa, ba za ta motsa ba. Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar katin, ita ce ta ja layi a nan tun kafin katin ya bar masana'anta.

Abin ya samo asali ne a 2012, lokacin da GTX 680 ya fito da tsarin GPU Boost, wanda ke ƙara wa katin gudu da kansa, aka kuma tsayar da wutarsa a bolt 1.175. Wasu kamfanonin da ke harhaɗa katin sun so su ba masu saye hanyar wuce wannan iyaka. MSI ta yi da samfurin Lightning, EVGA kuma ta sa wa Classified wata kafa da ake jona wata 'yar na'ura mai suna EVBot a ƙara wuta da hannu. Sai Nvidia ta nuna musu cewa duk wanda ya tsallake iyakarta, babu ruwanta da garantin ƙwaƙwalwar katin. Kafin shekarar ta ƙare EVGA ta cire kafar. Daga katunan 2016 kuma, idan ka gyara BIOS, wato manhajar da ke cikin katin mai sarrafa wutarsa da gudunsa, da kanka, katin ba zai karɓa ba, domin babu sa hannun kamfani a kai. AMD, abokiyar gasar Nvidia, wadda aka daɗe ana yaba mata da barin ƙofa a buɗe, ita ma ta rufe hanyar gyara jadawalin wutar katunanta da fitowar RX 7000 a ƙarshen 2022.

Ba na cikin masu cewa kamfanonin ba su da hujja. Suna da ita, mai ƙarfi ma. Wutar da kati ke ci ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da bolt, ninkawa take yi: ka ƙara kashi 10 cikin 100, cin wuta da zafi su tashi da kusan kashi 21, tun ba ka taɓa gudun ba. Wayoyin da ke cikin ƙwaƙwalwar kuwa sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba, yawan wuta na cinye su a hankali, sai bayan watanni katin ya fara daskarewa. An gani a 2024, lokacin da Intel ta amsa cewa yawan bolt ne ke lalata wasu ƙwaƙwalen kwamfuta nata na zubi na 13 da na 14, har ta ƙara wa garantinsu shekara biyu. Katin RTX 4090 mai cin wat 450 ma, an sha ganin bakin wayarsa ya narke ba tare da kowa ya ƙure shi ba. Wanda ya sayi kati don ya yi wasa ko aiki kawai, wannan katanga alheri ce gare shi.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Hujjar nan ta isa a ce kati ya fito daga kwali da iyaka. Ba ta isa a ce mai shi ba zai taɓa iya ɗage ta ba, ko da ya yarda ya ɗauki asarar.

Dubi abin da kullewar ta haifar. Masu son ƙure gudu ba su daina ba, hanya suka canza. Mutum zai kwance katin da ya saya da tsada, ya nemo wasu 'yan ƙananan abubuwa a kan allon, waɗanda katin ke auna cin wutarsa da su, ya narka dalma ya liƙa wasu a kansu. Daga nan katin zai riƙa ganin wutar da yake ci ba ta kai wadda yake ci da gaske ba. Wato an makantar da mai gadin ke nan. A 2023 kuma aka fitar da manhajoji irin su OMGVflash, masu ba da damar ɗora wa kati BIOS na wani katin daban. Duk waɗannan sun fi maɓalli a cikin manhaja haɗari, domin maɓalli ana iya mayar da shi.

Akwai kuma abin da kamfanoni ba sa son a riƙa tunawa: iyakar ba kullum lafiyar kati take karewa ba, wani lokaci kasuwa take karewa. A Janairun 2020, ana sauran 'yan kwanaki katin RX 5600 XT na AMD ya shiga kasuwa, Nvidia ta sauke farashin RTX 2060 zuwa dala 299. Nan da nan AMD ta fitar da sabon BIOS, ta ɗaga wutar katin daga wat 150 zuwa 160, gudunsa ya ƙaru. Ƙarfen bai canza ba. Ashe ƙarfin yana ciki tun farko, gasa ce ta sa aka sake shi. Haka a 2015 Nvidia ta toshe ƙara gudu a katunan kwamfutocin tafi-da-gidanka na GTX 900M, da ƙorafi ya yi yawa ta mayar. Da haɗarin ne kaɗai dalili, da surutun jama'a bai sauya komai ba.

Fargabar kamfani ita ce mutum ya ƙona kati da gangancinsa, sannan ya dawo da shi yana neman sabo. Wannan fargaba gaskiya ce, kuma akwai maganinta a hannunsu. AMD da kanta ta tabbatar cewa ƙwaƙwalenta na Threadripper 7000 suna da wani ɓoyayyen fis da ke tsinkewa da zarar an kunna ƙara gudu, ya bar shaidar da ba ta gogewa. To a kawo irin wannan cikin katin hoto. A rubuta gargaɗi ƙarara, mai kati ya karanta, ya amince cewa duk ɓarnar da ƙarin wuta ta jawo tasa ce, fis ɗin ya tsinke, a sakar masa ma'aunin. Wanda ya biya dala 1,999 ya sayi RTX 5090 ya cancanci a yi masa wannan tambayar, ya amsa da kansa.