Ɗakin Jika 45 da Wankan Buta

Bikin ƙanen matata ne ya kai ni Damagaram cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 tun kafin azahar. Gidan surukai a Birni yake, bayan fadar Sarki, amma surukin da ya san ciwon kansa ba ya kwana a zauren surukansa. Sai na hau kabu-kabu neman otel.

Na farko a Zango yake, madaidaici: ɗaki mai fanka jika 12, wato sefa dubu 12, mai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, jika 20. A tsakar gida ga randa, ga bido-bido jere cike da ruwa, kowane banɗaki kuma da bokiti. Na ce a fili, ni da na zo a ga girmana, ina ni ina bokiti? Na wuce na biyu, mai bene da tayil mai sheƙi. Jika 45. Na ce a ba ni ɗakin can sama, inda zan hango duwatsun Birni da tsohon sansanin Faransawa, tunda garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926. Yaron da ke karɓar baƙi ya dube ni ya ce, "Alhaji, na sama?" Na ce na sama.

Ga abin da ke cikin wannan tambaya tasa. Damagaram bisa dutse take zaune, rijiya ba ta ba da ruwan kirki, don haka daga nesa ake turo shi, daga wurare irin su Gogo da Arungoza, kuma yakan zo ya ɗauke. Otel yakan tara shi a tafkin siminti a ƙasa, injin lantarki ya tura shi tankin da ke kan rufi, daga nan ya gangaro ɗakuna da nauyin kansa. Ƙarfinsa ya danganta da tazarar da ke tsakanin tanki da bakin famfo. Ɗakin ƙasa yana da mita bakwai ko takwas, na sama da ƙyar ya samu biyu. In wuta ta tafi, injin ya tsaya, tanki ya fara sauka, mutumin sama shi ne farkon wanda famfo zai yi wa tari.

Ni kuwa ya yi mini tarin ne bayan na gama shafe jiki da sabulu, har ido. Na murɗa, ya ce "kuf". Na sake murɗawa, ya hura mini iska mai zafi. Babu bokiti, domin bokiti ba ya dacewa da tayil. Abin da lalube ya ba ni buta ce ta alwala, lita biyu in an cika ta, kuma ba a cika ta ba. Da ita na ceto idanu da kunnuwa, sauran jiki na bar wa tawul. A wurin ɗaurin aure wani dattijo ya matso ya ce, "Malam, wannan turaren na Kano ne?" Na ce masa na waje ne.

Dare kuma da nasa. Siminti na rufi ya sha rana tun safe, ɗakin yana kallon yamma, sai cikin dare yake amayar da zafin. Wuta ta tafi, gurup, wato janareta, ya tashi da ruri, ƙwai ya kama, talabijin ta kama, kilim shiru. Kilim mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana cin sama da kilowat ɗaya, lokacin tashi kuma ya ninka haka. Ɗaki ashirin sun fi ƙarfin ƙaramin gurup, shi ya sa ake raba layi, a ba fitila da fanka, a hana kilim. Ɗakina ba shi da fanka, an ce tana ɓata silin. Na sauko da matashi na tarar da mai gadi a kan gadon igiya a fili, iska na kaɗa shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba ka tabarma?" Na karɓa da hannu biyu.

Gari na wayewa, kafin sha biyun rana ta ci mini wani kwanan, na koma Zango. Wannan karon na shiga da tambayoyi. Gurup yana ɗaukar kilim ko fitila kawai? Kafin in biya, na buɗe famfon wanka na bar shi minti biyu, na kunna kilim na jira har na ji injinsa na waje ya kama, domin mai hura iska kawai ma yana ƙara. Na zaɓi ɗakin ƙasa mai kallon arewa, da kilim da fanka tare, na duba ragar taga, na sa aka cika mini bokiti biyu.

Tsohuwar da ke sharar wurin ta gane ni. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Ɗana, ba kai ne jiya ka ce ba ka wanka da bokiti ba?" Na ce, "Inna, a ƙaro na uku."