Ƙauyen da ba a san yawan mutanensa ba, da me za a auna talaucinsa?

Tun da aka ɗage ƙidayar jama'a a ƙarshen Afrilun 2023, ana saura 'yan kwanaki a fara, duk sanda maganar ta sake tasowa muhawara ɗaya ake maimaitawa. Nawa za ta ci, wace jiha ce za ta zo kan gaba, a sa tambayar addini da ƙabila ko a cire, a haɗa ta da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ko a bari. Kwamitin da Shugaba Tinubu ya kafa a Afrilun 2025 ƙarƙashin Ministan Kasafi Atiku Bagudu ma batun kuɗi ne ya fi yawa a aikinsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tambayar da ta fi shafar talaka ba ta cikin wannan hayaniya: idan an gama ƙidayar, za a faɗa wa ƙauye mai gida 150 yawan mutanen da ke cikinsa ko ba za a faɗa ba?

Tambayar tana da dalili. An yi ƙidaya a Maris na 2006, aka ce mu 140,431,790 ne. Aka ba Kano 9,401,288, aka ba Legas 9,113,605, aka kwashe shekaru ana tayar da jijiyar wuya kan tazarar da ba ta kai 300,000 ba. Amma alƙaluman da aka fitar a ƙaramar hukuma suka tsaya. Ba a wallafa na garuruwa da ƙauyuka ba. Duk mai neman adadin wani ƙauye a hukumance sai ya koma ƙidayar 1991, kuma jaririn da aka raɗa wa suna a waccan shekarar yau magidanci ne, 'ya'yansa sun isa firamare. A tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram a ga bambanci. Bayan ƙidayar 2012 hukumar ƙididdiga ta Nijar ta fitar da kundin da ya jera ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, kowanne da yawan mazansa da matansa da gidajensa. Ƙasar da ba ta kai mu kuɗi ba ta yi, mu da muke kiran kanmu giwa ba mu yi ba.

Masu cewa wannan ƙaramin abu ne ba su san yadda ake tsara aiki a karkara ba. Ma'aikacin lafiya a ƙaramar hukuma tsohon adadi yake ɗauka ya riƙa ƙara masa kashi 3.2 cikin 100 duk shekara, sannan ya yanka shi da ma'aunin da aka saba: kashi 4 jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 20 yara 'yan ƙasa da biyar, kashi 5 masu juna biyu, kashi 22 matan da ke shekarun haihuwa. Mu ƙaddara takarda ta ce ƙauye mutum 1,200 ne. Jarirai 48 ke nan, yara 240, masu ciki 60. Da wannan lissafi ake aiko allurar rigakafi da gidan sauro da maganin zazzaɓin da ake rabawa yara da damina. To idan mutanen sun kai 1,800 fa? Jarirai 72 ne a ƙasa. Ma'aikaci zai yi wa 48 allura, ya cika takarda cewa ya kai 100 bisa 100, a yaba masa a hedikwata, alhali jarirai 24 na nan a bayan iyayensu ba wanda ya san da su. Ranar da ƙyanda ta ɓarke sai a ce mutanen ƙauye ne suka ƙi rigakafi.

Haka ruwa. Manufar ruwan sha ta ƙasa ta shekarar 2000 ta tanadi lita 30 ga kowane mutum a rana a karkara, cikin tazarar mita 250, kuma kowane famfo ya ɗauki mutum 250 zuwa 500. Ƙauyen mutum 1,200 na buƙatar lita 36,000 kullum, jarka 1,440 ke nan mai cin lita 25, da famfo uku zuwa biyar. Sai ɗan majalisa ya haƙa burtsatse ɗaya, a sa famfon tuƙa-tuƙa, a yanka kyalle. Famfon da aka ƙera don mutum 300 ya koma yana aiki tun asuba har bayan isha'i, ga mutane ga shanu. Robobin cikinsa su cinye, sarƙa ta tsinke, hannu ya saki, cikin 'yan watanni ya tsaya. Daga nan a ce ƙauyawa ba su iya riƙon kayan gwamnati ba. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma yaya za a san malami nawa za a tura inda ba a san yara nawa ne suka isa shiga aji ɗaya ba? Tela ne ke ɗinka wa ƙato riga da awon da ya ɗauka tun yana yaro, in ta yage ya zargi mai rigar.

Shi kansa ƙarin kashi 3.2 ɗin bai san abin da ya faru a ƙasa ba. A Batsari da Jibiya da Faskari, a Sabon Birni da Isa, a sassan Zamfara da dama, akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, babu kowa sai kango. Akwai kuma garuruwan bakin titi da suka cika suka batse da waɗanda suka gudo, gida ɗaya iyali uku ko huɗu. A takarda duka biyun ƙaruwa suke yi daidai wa daida, kowane shekara 22 su ninka. Ana aika kason magani da sunan ƙauyen da ya watse, ana barin wanda ya ninka da kason da.

Wasu na cewa tauraron ɗan adam da lambar NIN sun wadatar, ƙidaya asarar kuɗi ce. Hoton sama rufi yake gani, bai san ɗakin da mutum takwas ke kwana da ɗakin da aka zuba ƙaiƙayi ba, ita kuwa NIN sai wanda ya iya biyan kuɗin mota zuwa inda ake yi. Hotunan sun yi amfani a yaƙi da shan inna wajen gano tungaye da rugagen da masu allura ke tsallakewa, amma bayan an gano su ƙafa ce ta je ta ƙirga.

Ƙirga mutanen ƙauyen Hausa kuwa aiki ne mai ƙa'ida, kuma nan ne malaman ƙidayar da aka ɗebo daga birni ke faɗuwa. Na farko, gida daban, tukunya daban. Zaure ɗaya kan iya haɗa tsoho da 'ya'yansa uku masu aure. Idan gandu suke yi, rumbu ɗaya da tukunya ɗaya, iyali ɗaya ne. Idan kowa ya ware, iyali huɗu ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Wanda ya tsaya a zaure ya tambayi maigida "mutum nawa ne a gidanka" zai samu amsar da ta tsallake jikoki da agola da bazawarar da ta dawo gida da tsohuwar da ke ɗakin baya. Dole mace ta shiga ciki ta bi ɗaki-ɗaki, ta tambayi wa ya kwana a nan jiya. Sai alkunya: uwa da yawa ba ta ambatar ɗan fari, balle ta lissafa shi, wata kuma ba ta son faɗin yawan 'ya'yanta don gudun baki. Jaririn da ya koma kafin suna sau da yawa ba a sa shi cikin haihuwa, ba a sa shi cikin mutuwa, shi ya sa adadin mutuwar jarirai ke fitowa ƙasa da gaskiya in ba a iya tambaya ba.

Shekaru ma haka. Tambayi mutum goma, yawancinsu za su ce 30 ko 40 ko 50. Mai aikin da ya san abin da yake yi da jerin abubuwan tarihi yake tafiya: rasuwar Sardauna a 1966, komawa tuƙi hannun dama a 1972, zuwan naira da babban fari a 1973, canjin kuɗi na 1984, rasuwar Abacha a 1998, da naɗin hakimin yankin. Ga kuma lokaci. Ƙidayar 2006 a tsakiyar rani aka yi ta, lokacin da samari suka tafi cin rani Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, almajirai kuma suna wasu garuruwan. Inda mutum ya kwana ake rubuta shi, don haka ƙauye ya fito da tsofaffi da mata da yara, birni ya cinye majiya ƙarfinsa, alhali da saukar ruwan farko za su dawo su ci daga rumbun, su sha daga rijiyar. Kar kuma a manta dattawa sun ga zamanin da rubuta sunan namiji baligi ke nufin haraji, ƙirga shanu ke nufin jangali, har zuwa lokacin da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji a Kano da Kaduna. Wanda ya taso a haka ba zai saki baki ga baƙo mai biro ba sai mai unguwa na tsaye.

Amma kuskuren da ya fi yi mana ɓarna shi ne ɗaukar ƙauye a matsayin dunƙule ɗaya na talakawa. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamban 2022 ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100, na cikin talauci ta fuskoki da dama, a karkara kashi 72, a birni kashi 42, a Sakkwato kashi 91. Alƙaluma ne masu tayar da hankali, amma ba za su nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba. Tun a shekarun 1960 wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta bi magidanta ɗaya bayan ɗaya, ta same su hawa huɗu, daga waɗanda ke da rarar da har suke taimakon wasu zuwa waɗanda yunwa ke galabaitarwa kafin kaka. Ta nuna cewa mafi talauci ba ya iya noma gonarsa ma. Har yau haka abin yake. Wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin shuka dole ya tafi ƙwadago gonar wani don abincin yini, tasa gonar ciyawa ta cinye, noman farko ya wuce shi, taki babu. Da kaka ya sami dami kaɗan, ya sayar da araha ya biya bashi, da damina ya sayi tiya da tsada daga hannun wanda ya saya ya ajiye. Shekara biyu ko uku a haka sai jinginar da gona, daga jingina sai sayarwa.

Saboda haka ma'aunin zaman ƙauye ba ya buƙatar dogon turanci. A wane wata hatsin gidan ya ƙare? Kwana nawa maigida ya yi a gonar wani da damina? Akwai akuya ko tunkiyar da matar gida za ta sayar in ciwo ya zo? Gonar gado ce, ta aro, ko tana jingine? Sau nawa aka ɗora tukunya jiya? Tambaya biyar, kuma kowane mai unguwa ya san amsarsu a kan kowane gida. Rashin rubuta su ne ya sa duk tallafin da aka kawo ake raba shi daidai kan mazaɓu, ya faɗa hannun mai waya da asusun banki da ɗan'uwa a jam'iyya. A 2023 gwamnoni suka ce ba su yarda da rajistar talakawa ta ƙasa ba, sannan aka ƙaddamar da rabon naira 25,000 duk wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Bazawarar da ke daka wa mutane don ta sami tsaki, a wace takarda sunanta yake?

Sai masu amsa guda ɗaya ga komai: haihuwa ta yi yawa. Gaskiya ne binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma na haihuwar 6.6 a matsakaici, a Katsina 7.3. Amma binciken nan dai ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a yankin 187 ba sa kai shekara biyar, a Kebbi 252, ɗaya cikin huɗu ke nan. Mai zaune a ofis yana yi wa uwar da ta binne biyu wa'azin tazarar haihuwa, alhali ɗakin shan maganin garinsu a kulle yake, kuma ko rajistar haihuwar waɗanda suka rayu bai yi ba, ya fara daga inda ya fi masa sauƙi ne. Da wuya a rage haihuwa a inda yara ke mutuwa haka, kuma ba za a rage mutuwar yaran da ba a san da zamansu ba.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Kowane mai unguwa ya riƙe littafi, liman da ungozoma da wanzami su riƙa kai masa labarin suna da jana'iza, dagaci ya tattara duk wata, a sabunta lissafin gidaje sau biyu a shekara, da kaka da kuma tsakiyar rani. An gwada irin wannan a Kano wajen rubuta jarirai don rigakafi, sarakuna sun nuna za su iya. A biya su ɗan alawus, a daina sa su aikin kyauta. Gwamnonin Arewa kuma, da sarakuna da 'yan majalisarmu da ke shirin kai ruwa rana kan jimillar jihohinsu, su sa sharaɗi ɗaya tun kafin a saki ko kwabo na ƙidaya mai zuwa: Hukumar Ƙidaya ta rubuta alkawarin cewa za ta wallafa adadin kowane ƙauye da tunga da ruga, da maza da mata da rukunin shekaru, a liƙa a ƙofar dagaci inda mutanen garin za su karanta su ce an yi daidai ko an tsallake gidan wane.