Wai "muna ko'ina a faɗin Najeriya", to ko'inan ina ce?

Wallahi yau raina a ɓace yake, in ban amayar da abin da ke cikina ba ko barci ba zan iya ba. Akwai wani kamfanin soyayyar kaza da dankali, ba zan kama sunansa ba kar a ce an biya ni in ɓata musu kasuwa, tallansu bin mu yake kamar mai bin bashi, ka buɗe Facebook suna nan, yara su kunna katun a YouTube suna nan, ana hutun rabin lokaci a ƙwallo suna nan, har tes suke turo min da tsakar dare wai sayi ɗaya a ba ka ɗaya kyauta a dukkan rassanmu na faɗin ƙasa. Faɗin wace ƙasa? Ni a Dutse nake zaune, babban birnin jiha guda tun 1991, ba wani lungu ba, amma ko ƙashin kazarsu ban taɓa gani a garin nan ba.

Autata ce ta jawo min. Ta ga tallan ta nace, Abba kaza mai ɓawo, Abba kaza mai ɓawo, ni kuma bakina ya yi sauri na ce in kika zo ta ɗaya a jarabawa zan saya miki. Yarinya ta zo ta ɗaya. To alkawari kaya ne. Na sauke manhajarsu na ƙona data, na sa lamba, na sa adireshi, na zaɓi abinci har yawuna ya tsinke, sai a ƙarshe abu ya rubuto min wai ba ma kawowa yankinku. Na danna taswirar rassansu don in ga mafi kusa, jama'a ku zo ku ga ikon Allah, Legas ta yi jajawur da ɗigo kamar an watsa barkono a tire, Abuja ma cike, Fatakwal da Ibadan ba laifi, kana haurowa sama kuwa sai fili fetal, ɗigo ɗaya nan, ɗigo biyu can, daga nan har bakin boda babu komai sai sunayen garuruwa.

Ran Asabar na zuba mai, man da tun da aka cire tallafi a 2023 sai ka yi istigfari kafin ka ce a cika tanki, na kwashi uwargida da yara muka kama hanyar Kano, muka sha gosulo a gadar Wudil, muka sha na shiga gari, rana tana dukan mota yara suna ta tambaya mun iso? mun iso? Muka iso. Na bi layi kusan rabin awa, na nuna wa yarinyar da ke sayar da abincin tes ɗin garaɓasar, ta kalle ni da tausayi ta ce yi haƙuri Alhaji wannan na rassan Legas da Abuja ne kawai. Na ce to ba ni mai ɓawon ko babu garaɓasa, ta ce ta ƙare tun jiya motar kaya ba ta iso ba. Dankali fa? Saura kaɗan kuma sai an jira. Askirim? Injin ya lalace ana jiran mai gyara daga Abuja. Na ce ƙanwata to me kuke da shi, ta ce shinkafa. Shinkafa! Ni da na baro Jigawa, jihar su Haɗeja da ake noma shinkafa har ido ya gaji da kallo, na yi tafiyar fiye da awa ɗaya da rabi don a sayar min da shinkafa a kwali. Ita yarinyar ba laifinta ba ne wallahi, har haƙuri ta dinga ba wa autata da ta fara kuka.

Kuma abin ba na kamfani ɗaya ba ne, duk tarihin harkar a Legas ya faro. Mr Bigg's a Legas ya fara a 1986, Chicken Republic a Legas a 2004, KFC da ya shigo ƙasar a 2009 Legas ya sauka, Domino's 2012 Legas, Burger King 2021 Legas. Ban ce kar a fara daga can ba, can tashar jiragen ruwa take, can hedikwatocin bankuna suke, kowa ya san inda kuɗi ke kwana. Abin da ke ci min rai shi ne a yi shekara da shekaru ana zagaye wuri ɗaya, a titi guda ka ga reshe biyu na kamfani ɗaya suna kallon juna, alhali Arewa mai jihohi 19 ana yi mata yayyafi kamar gishiri a miyar mai hawan jini. A ƙidayar 2006 jihar Kano ta haura mutum miliyan 9, har ta ɗan ɗara Legas, to duk mutanen nan azumi suke yi? Kuma ko a Kanon, je ka duba inda suke buɗewa, Nasarawa GRA, Zoo Road, irin wuraren nan, mutumin Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi in ya yi oda kuɗin ɗan acaɓan da zai kawo sai ya kusa kamo kuɗin abincin, ya iso a sanyaye dankali ya yi laushi kamar tsumma.

Na san abin da za a ce, na sha ji. Za a ce babu wuta, firiza sai da janareto, dizal ya yi tsada. Za a ce kaza a daskare ake ɗauko ta daga kudu a motar sanyi, kilomita kusan dubu tsakanin Legas da Kano, ga hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da tun 2018 ake aikinta. Za a ce tsaro. Za a ce mutanenmu ba su da kuɗin saye, har a kafa hujja da Shoprite da ya rufe a Ado Bayero Mall farkon 2024. Wasu daga ciki gaskiya ne ban musa ba. Amma dan Allah kazar nan me take ci? Masara da waken suya. Daga ina? Je ka Saminaka, je ka Dawanau ka ga tireloli na lodi suna yin kudu. Tumatirin daga Kadawa da Kura, albasar daga Aliero, dankalin daga Filato, naman da ake dannawa cikin burodi daga shanun Maigatari da Wudil. Wato hanya ba ta da matsala in kayanmu ne za su gangara kasuwar Mile 12 ta Legas, direba ba ya jin tsoron dare, sai in za a dawo mana da shi a soye ne hanya ke lalacewa. Me zai hana a kafa gonar kajin da wurin yankan a nan kusa da masarar, a huta da ɗawainiyar motar sanyi?

Maganar babu kuɗi kuma, a zo a ga layin mai tsire da mai balangu bayan isha'i, a ga abin da ake kashewa a kaji ranar biki ko ranar sallah. Duk wanda ya je Makka ya san yadda alhazanmu ke turmutsutsu a layin Albaik, gidan soyayyar kazar nan na Saudiyya, wasu har tsarabarsa suke so su yo in da zai kai gida bai lalace ba. Shi ma Albaik ɗin tun 1974 da aka kafa shi a Jidda ya daɗe iyakarsa yankin Jidda da Makka da Madina, mutanen Riyadh sai dai in wani ya je ya riƙo musu, amma ai daga baya ya kai musu har ya tsallaka Dubai. Mu kuma an bar mu da kallon hoto a waya.

Sannan mu ma da namu laifin, wannan ɓangaren ya fi ƙona min rai. Attajiranmu in kuɗi ya shigo sai gidan mai sai filaza, gidan mai sai filaza, wani titin gidajen mai biyar a jere babu mai sayar da mai a uku. Mai tsiren da ya yi suna shekara talatin yana nan a teburi ɗaya da fitila ɗaya, in ya kwanta rashin lafiya kasuwa ta kwanta, in ya rasu yara su raba wuƙaƙe kowa ya kama gabansa. Wa ya hana mu samun gidan gurasa ko masa ko dambun nama mai reshe a Dutse da Gusau da Damaturu da Birnin Kebbi, ɗanɗano ɗaya farashi ɗaya, har mu kai wa 'yan Legas su ma su bi layi?

Ƙarshe dai gurasa da tsire na saya musu a hanyar fita gari, yayyen suka cinye har da lasar takarda, ita kuwa autar ta ci tana kumbure-kumbure ta ce wannan ba irin ta talabijin ba ce, kuma alkawari na nan. Muna shiga gida wajen ƙarfe tara na dare, ko takalmi ban cire ba waya ta yi ƙara, na duba, su ne, wai kar ka bari garaɓasar ƙarshen mako ta wuce ka, ziyarci reshenmu mafi kusa da kai.