Sola ba ta toshe yoyo

Duk lokacin da na ga an sake yanka ƙyalle a gaban jerin faifan sola da aka girka wa wata tashar ruwa, ana tafi ana cewa an yi sallama da kuɗin wuta, sai raina ya ɓaci. Ba ni da faɗa da sola. Farashin faifanta ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma duk wanda ya ga yadda dizal ke lashe asusun kwamitin ruwa ba zai yi gardama da rana ba. Haushina shi ne an mai da ita maganin kowace cuta, alhali ba a ko tambaya ba: cikin ruwan da ake turowa, nawa ne ke kaiwa bakin famfo?

Ruwa nauyi gare shi. Kafin a ɗaga lita 1,000 zuwa tsayin mita 100 sai an ƙona fiye da rubu'in yunit na wuta, ko da injin bai ɓarnatar da komai ba, kuma babu irin wannan injin a duniya. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2014 harkar ruwa ta sha kashi 4 cikin ɗari na lantarkin da aka yi amfani da shi a doron ƙasa. Bankin Duniya kuwa tun 2006 ya ce ruwan sha da ke tsiyayewa daga bututu kowace shekara ya haura kubik mita biliyan 32, kowane kubik mita kuwa lita 1,000 ne. Duk wannan ruwan an jawo shi, an tace, an tura, an biya masa kuɗin wuta, sannan ƙasa ta shanye.

Ba sai mutum ya zama injiniya ba kafin ya gani. Bi layin bututu a lokacin da ko'ina ya bushe, za ka tarar da wani ɗan fili da ciyawa ta yi kore shar, ƙasa jiƙe, babu wanda ya yi ban-ruwa. Ko ka wuce ta gindin tanki da tsakar dare ka ji ruwa na kwarara daga sama, domin abin da ke tsayar da shi idan ya cika ya lalace tun bara, inji kuma na ta gurnani. Wannan tankin ne gobe za a kewaye da faifan sola a ɗauki hoto. An bar jaki ana dukan taiki.

Sai kuma injin da ya fi ƙarfin aikinsa. Mai zana aiki ya ƙara kaɗan don gudun kunya, mai kwangila ya ƙara nasa don girman inji girman riba ne, a ƙarshe a kawo dodon da bututun ba zai ɗauka ba. Mai kula da tasha ba shi da zaɓi, sai ya rufe bawul rabi, ya zama direban da ya take totur da burki lokaci guda. Alhali a ƙa'idar irin waɗannan injina, rage gudu da kashi 20 cikin ɗari na iya zaftare kusan rabin wutar da suke ci, musamman inda tura ruwa a doguwar hanya ya fi ɗaga shi sama yawa. Bututu ma haka: idan aka ninka faɗinsa, ƙarfin da gogayya ke cinyewa kan ragu wajen sau 30. Amma wa zai kira 'yan jarida don an sauya bututu?

Masu kare wannan salo cewa suke rana kyauta ce, don haka ɓarna ba ta da zafi. Faifai da batir da inbata dai ba kyauta ba ne. Tashar da ke zubar da sulusin ruwanta dole ta tura ninki ɗaya da rabi na abin da jama'a ke sha, wato dole a saya mata faifai ninki ɗaya da rabi. Kuma injin da ake ganin ba ya cin kuɗi ba a kashe shi. Yana wuni yana zuƙo rijiya, ruwan ƙasa na ƙara nisa, baɗi kuma a nemi wanda ya fi shi ƙarfi.

Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, a 1993 kashi 72 cikin ɗari na ruwansa ba ya kawo ko sisi, ta hanyar yoyo da sata da rashin mita. Ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Ek Sonn Chan, hukumar ruwan birnin ta sauya ruɓaɓɓun bututu, ta sa wa kowa mita, manya da ƙanana, ta kafa masu farautar yoyo dare da rana. Cikin kimanin shekara 15 asarar ta sauko wajen kashi 6. Aiki ne na haƙa rami da faɗa da masu ƙin biya, babu abin burgewa a cikinsa, shi ya sa masu son a gan su ke guje masa.

Ni dai da za a ji ta tawa, kada a sake sa hannu a kan kuɗin faifai ko ɗaya sai an kawo lamba biyu a takarda: yunit nawa na wuta tashar ke ci kan kowace lita 1,000, da kuma abin da mitar bakin tanki ke nunawa da ƙarfe biyu na dare, lokacin da kowa ke barci amma allurarta na ci gaba da juyawa. Tashar da ba ta da mitar ma, a fara saya mata ita.