Dinarin Iraƙi da Masu Jiran Gawon Shanu

Ranar Lahadin da ta wuce ƙanena ya kira ni daga gida, muryarsa har rawa take don murna. "Yaya, tunda kana Amurka, ka taimaka ka saya mana dinarin Iraƙi. An ce gwamnatinsu na gab da ɗaga darajarsa, dinari ɗaya zai koma dala uku. Da dala dubu ɗaya mun fita daga talauci." Na tambaye shi inda ya ji. Ya ce abokinsa ne ya turo masa bidiyon wani Bature yana bayani. Gabana ya faɗi, domin shekaru na yi ina jin wannan labari a nan, kuma ban taɓa zaton zai ƙetare teku ya iske 'yan'uwana ba.

A ma'ajiyar kayan da nake aiki akwai wani dattijo Bature da muke aikin dare tare. Wata rana lokacin hutu ya zaro ambulan daga aljihun jaket ɗinsa, ya nuna mini takarda ɗaya sabuwa fil, ja, ta dinari 25,000. A gabanta hoton wata manomiya ce rungume da damin alkama, a bayanta kuma sarki Hamurabi. Ya ce yana da irinta guda ɗari biyu a gida, dinari miliyan biyar ke nan, tun 2011 ya saye su. Da su zai biya bashin gidansa, ya kai jikarsa jami'a, ya daina wannan aikin da ke cin gwiwoyinsa. Yana maganar idonsa na ƙyalli. Shi da ire-irensa suna kiran ranar da suke jira da haruffa biyu, RV, wato ranar da za a ɗaga darajar dinarin, kuma kusan kowane mako akwai mai shelanta musu cewa ta ƙarato: bayan an zartar da kasafin kuɗi, bayan zaɓe, bayan azumi. Shekara da shekaru ana ta gafara sa, ba a ga ƙaho ba.

Abin da ke riƙe da su shi ne labarin Kuwait, kuma da shi aka ja ƙanena. Iraƙi ta mamaye Kuwait a watan Agustan 1990, dinarin Kuwait ya zama abin yasarwa, sannan bayan an kori sojojin Saddam a farkon 1991 aka fito da sababbin takardu, kuɗin ya koma darajarsa ta sama da dala uku. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba a faɗa wa masu saye shi ne mamayar wata bakwai kacal ta yi, kuma dukiyar Kuwait ba a cikin Kuwait take ba. Tun 1953 suka fara tara rarar kuɗin mai a wani asusun zuba jari a Landan. Ƙasa ce ƙarama, mutanenta kaɗan, kuɗinta ba a buga shi ya yi yawa ba. An kulle mai gida a waje na 'yan watanni ne, ya dawo ya iske rumbunsa na nan.

Ita kuwa Iraƙi rumbun ne ya ƙone. Shekara takwas tana yaƙi da Iran, daga 1980 zuwa 1988. Daga nan sai takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekara goma sha uku, lokacin da gwamnati ta riƙa buga kuɗi babu ƙaƙƙautawa don biyan albashi, har dinarin da a hukumance yake daidai da dala uku da 'yan kai ya koma sai an haɗa dubbai kafin a sami dala ɗaya. Sai mamayar Amurka ta 2003, sai yaƙin basasa, sai Da'ish ta kama Mosul a 2014. Kuwait ɗin ma da ake kwatance da ita, Iraƙi ce ta biya diyyar mamayarta, dala biliyan 52.4, kuma sai a 2022 ta gama.

Na ce wa ƙanena ya ɗauko biro mu yi lissafi tare. Takardun dinarin da babban bankin Iraƙi ya fitar sun kai kimanin tiriliyan 100. Ajiyarsa ta kuɗaɗen waje kuwa tana wajen dala biliyan 100. In aka ce yau dinari ɗaya ya zama dala ɗaya, kar ma a je uku, to bankin ya ɗauki alkawarin dala tiriliyan 100, wanda ya yi kusa da abin da duniya gaba ɗaya ke samarwa a shekara. Wa zai biya? Ranar da aka yi wannan sanarwa, kowane mai shayi a Bagadaza zai nufi banki ya karɓi dalarsa, kuma kafin azahar asusun ya ƙare. Babban banki ba ya iya ba kuɗinsa darajar da ba shi da abin da zai tsaya mata.

Ga kuma abin da ya faru a zahiri. A watan Disambar 2020, da farashin mai ya faɗi, karya dinarin aka yi, dala ta tashi daga wajen dinari 1,190 zuwa 1,460. A Fabrairun 2023 aka ɗaga shi, dala ta sauko zuwa wajen 1,300. Wannan shi ne ɗaga daraja na gaskiya, kashi goma da ɗoriya cikin ɗari, kuma ko shi bai mayar da dattijon nan inda ya fara ba. Sanda ya saya, dala tana 1,170. Ga ribar da dillali ya ɗora masa a sama, ga kuma yawancin bankunan nan ba sa karɓar dinari, sai dai ya koma wa dillalan su saya da rangwame. Su ne masu cin kasuwar. A 2018 wata kotu a Atlanta ta sami shugabannin kamfanin Sterling Currency Group da laifin zamba, bayan sun yi cinikin sama da dala miliyan 600, galibi na dinari, suna biyan masu yaɗa jita-jitar RV a ɓoye.

Akwai kuma maganar cire sifili uku da jami'an Iraƙi suka daɗe suna ambata, wadda dillalai ke juyawa su ce ga hujja. Mu 'yan Afirka ta Yamma bai kamata a yaudare mu da wannan ba. A 2007 Ghana ta cire sifili huɗu, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwa ɗaya. Mai miliyan goma ya wayi gari da dubu ɗaya, farashin kenke ma ya sauka daidai da haka, ba wanda ya ƙaru da ko anini. A shekarar ce Soludo, gwamnan babban bankin Najeriya na lokacin, ya so cire wa naira sifili biyu, marigayi 'Yar'adua ya dakatar. In Iraƙi ta yi nata, takardar 25,000 za ta koma 25 ne, kuma tsoffin takardu za a ba su wa'adi. Wanda ya ga layukan banki lokacin canjin naira a farkon 2023, alhali yana cikin ƙasar, ya tambayi kansa yadda zai canza kuɗin Bagadaza daga Kano ko Maraɗi.

Da na kwatanta can da nan, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ciwon yake iri ɗaya. Na zo ƙasar nan ina zaton talakan Amurka ya fi namu wayewa a harkar kuɗi. Ashe bashi da tsufa da tsoron gobe ba su san launin fata ba. Yadda mutanenmu suka zuba kuɗin makaranta da na aure a MMM, tsarin nan mai alkawarin ninka kuɗi, har ta rufe a Disambar 2016, haka waɗannan suke zuba kuɗin fansho a dinari. Bambancin kawai shi ne MMM ta fashe rana ɗaya, kowa ya yi kukansa ya haƙura, wannan kuwa ba ta fashewa. Takardar tana hannunka, ta gaske ce, ba jabu ba, don haka ba ranar da za ka ce an cuce ka. Mu kuma muna da wani rauni na daban. Iyayenmu sun ga zamanin da naira ta fi dala, a wajen 1980, 'yan'uwanmu na Nijar sun kwana sun tashi a Janairun 1994 sefa ta rasa rabin darajarta. Tunda mun ga kuɗi ya faɗi dare ɗaya, zuciya na raya mana zai iya tashi dare ɗaya. Amma rushe gida da gina shi ba lokaci ɗaya suke ci ba.

Ina so Iraƙi ta farfaɗo, Allah Ya sani. Ƙasar Imam Abu Hanifa ce da Shehu Abdulƙadir Jilani, kuma mutanenta sama da miliyan 45 sun sha wuyar da ba ta misaltuwa. Farfaɗowar ma tana tafe a hankali. An sake gina masallacin Al-Nuri na Mosul da hasumiyarsa mai karkata, waɗanda Da'ish ta tarwatsa a 2017. Ana gina babbar tashar jiragen ruwa a Faw. Amma har yanzu kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati daga mai yake fitowa, kuma ƙasar da ke haƙo sama da ganga miliyan huɗu a rana tana sayen iskar gas daga Iran don ta kunna wuta, mutanen Basra na kwana da janareta a zafin da ke haura digiri 50. A taron Kuwait na 2018 an ƙiyasta sake ginin zai ci dala biliyan 88, alkawarin da aka samu bai wuce biliyan 30 ba. Bukatar Ba'iraƙe ita ce wuta da ruwan sha da aikin yi ga 'ya'yansa, da kuɗin da zai tsaya wuri ɗaya ya iya lissafin cefanen wata. Yana ɓata mini rai a mayar da wahalar waɗannan bayin Allah tikitin caca.

Ƙanena ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "To Yaya, in kuma ya tashi fa, mu aka bari?" Na ce masa kuɗin da ya tara na injin ɗinki ne, ya je ya sayi injin ɗinsa, in bai kai ba zan cika masa ƙarshen wata. Ya ce zai yi shawara. Shi kuwa dattijon, daren jiya ma ya tare ni a bakin ƙofa yana murmushi, ya ce wannan karon daga majiya mai ƙarfi ya ji, mako mai zuwa ne.